Lauya ya yi sakaci, kotu ta yanke hukunci: ina sauran ƙofa?

Mu ƙaddara wani ɗan kasuwar albasa ne a nan Sakkwato, irin masu saye a Wurno da Goronyo su yi lodi zuwa Kudu. Abokin cinikinsa ya kai shi Babbar Kotun Jiha a kan bashin da shi yake cewa ya riga ya biya fiye da rabinsa. Sammaci ya zo, ya nemi lauya, ya biya kuɗin aiki, ya damƙa masa rasitai a leda, ya koma harkarsa. Duk sanda ya buga waya amsar ɗaya ce: "Alhaji, kwantar da hankalinka, an ɗage." Wata goma sha ɗaya ana ɗagewa. Ranar da ya je banki cirar kuɗin lodi ne aka ce masa an riƙe asusunsa da umarnin kotu. Ashe an yanke hukunci tun wata biyar da suka wuce. Lauyan bai shigar da takardar kariya ba, kuma zama uku a jere ba a ga ƙeyarsa ba.

"Barista, mi yaf faru?" Wannan ita ce tambayar da Alhaji zai fara yi, kuma ita ce mafi ƙarancin amfani gare shi a ranar. Wadda za ta fisshe shi ita ce: shin akwai kotun da za ta warware hukuncin don laifin na lauya ne?

A majalisa za ka ji ana cewa ai doka ta ce ba a ɗora wa mutum zunubin lauyansa. Maganar tana da asali. Kotun Ƙoli ta faɗe ta tun a shari'ar Doherty da Doherty a 1964, ta maimaita a ta Bowaje da Adediwura a 1976, kuma har gobe lauyoyi na kafa hujja da ita. Sai dai ƙa'idar ba ta kai faɗin da ake ba ta a bakin mutane ba. Sakacin lauya shi kaɗai ba ya buɗe hukuncin da aka rufe. Doka ta bar wasu 'yan ƙofofi ƙidayayyu, sai ka sami wadda ta dace da kai, sannan sakacin lauyan ya zama uzurin da za ka bayar idan aka tambaye ka dalilin makararka.

Dalilin rufewar kuwa a fili yake. Da zarar alƙali ya karanta hukuncin ƙarshe, hannunsa ya fita daga shari'ar. Yana iya gyara kuskuren rubutu ko na lissafi, kamar a ce an rubuta dubu ɗari a inda ake nufin miliyan ɗaya, amma ba ya da ikon sake auna hujjoji ya canza ra'ayi. Wanda ya yi nasara shi ma mai haƙƙi ne. Ya ɗauki lauyansa, ya yi ta safa da marwa, ya kawo shaidu, wataƙila ɗaya daga cikinsu ma ya rasu. Da kowa zai iya dawowa ya ce lauyana ne ya cuce ni a sake, da ba a taɓa gama shari'ar gona ko ta gida ba, kuma ba wanda zai yarda ya sayi filin da aka taɓa yin ƙara a kansa.

Abin da Alhaji zai fara yi shi ne ya je da ƙafarsa ofishin rajistaran kotun, ya biya a ba shi kwafin hukunci mai hatimi da kwafin abin da aka rubuta a kowane zama. A nan ake gane wane irin hukunci ne, don iri biyu ne kuma makomarsu ta bambanta ƙwarai. Akwai wanda aka yanke saboda ɓangare ɗaya bai zo ba ko bai shigar da takardunsa ba. Akwai kuma wanda aka yanke bayan an saurari shaidu an auna hujja. Na farkon, kotun da ta yanke shi tana da ikon jingine shi ta dawo da shari'a sabuwa. Na biyun kuwa sai ɗaukaka ƙara.

Idan na farkon ne, ma'aunin da alƙalai ke bi ya fito ne daga shari'ar Williams da Hope Rising ta 1982. Alƙali zai duba dalilin rashin zuwan, ya duba ko an yi jan ƙafa kafin a kawo roƙon, da ko warwarewar za ta cutar da wanda ya ci shari'a. Zai kuma duba ko mai roƙon yana da kariya ta gaske ko kame-kame ne, sannan ya dubi halinsa tun ranar da aka kai masa sammaci. Wannan na ƙarshen shi ke kayar da mutane da yawa. Ana son a ga cewa kai ba ka yi barci ba, lauyan ne ya yi. Wa'adin da dokokin manyan kotuna ke bayarwa na kawo irin wannan roƙo kwanaki ne 'yan kaɗan, don haka wanda ya kai wata biyar sai ya fara da roƙon a ƙara masa lokaci.

Akwai wani tarko a shari'ar bashi da ya kamata 'yan kasuwa su sani. Babbar Kotun Tarayya da wasu manyan kotunan jihohi suna da gajeriyar hanya ta karɓar bashin da adadinsa sananne ne. Mai bin bashi zai rantse cewa wanda yake bi ba shi da wata kariya, sai a sa ƙarar a jerin waɗanda ba a jayayya a kansu. Wanda ake ƙara dole ya shigar da sanarwar niyyar kare kansa tare da takardar rantsuwa kafin ranar zama, galibi da aƙalla kwana biyar. In lauya ya bari ranar ta wuce, ana yanke hukunci nan take, kuma kotuna sun ɗauke shi a matsayin hukuncin da aka auna hujja. A ido ya yi kama da na rashin zuwa, amma a doka ƙofar farko a rufe take gare shi.

Ƙofa ta biyu ta fi kowace ƙarfi: a nuna cewa hukuncin tun asali ɓatacce ne. In ba a kai wa mutum sammaci ba, ko aka sauya ranar zama ba a sanar da ɓangarensa ba, an take haƙƙinsa na a saurare shi, wanda sashe na 36 na Tsarin Mulkin 1999 ya tabbatar. Haka nan in kotun ba ta da hurumin sauraron ƙarar. A irin wannan hali kotun da ta yi hukuncin ita da kanta tana iya soke shi, kuma tsawon lokaci ba ya halatta abin da ya ɓaci tun tushe. Shi ya sa sabon lauya mai hankali zai fara da binciken takardun shaidar kai sammaci da ke cikin fayil. Amma a lura: sanarwar da aka kai ofishin lauyanka, a wurin doka kai aka kai wa. In ta shiga aljihun tebur ta kwanta, kotu ta sauke nata nauyin.

Zamba ma tana rushe hukunci, misali takardar jabu ko haɗa baki. Mutanenmu na saurin cewa "an saye shi ne". Mai yiwuwa an saye shi ɗin, amma zargin zamba zargin laifi ne, kuma Dokar Shaida ta 2011 ta ce ko a shari'ar da ba ta laifi ba, sai an tabbatar da irinsa ba tare da sauran kokwanto ba. Yawanci ma sabuwar ƙara ake shigarwa a kansa. Ganin lauyanka yana raha da lauyan abokin shari'arka a harabar kotu ba hujja ba ce. Abokan aiki ne, wasunsu ma aji ɗaya suka yi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo.

Sai ɗaukaka ƙara, inda nan ne ƙa'idar zunubin lauya ta fi aiki. Daga Babbar Kotu zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara, wadda reshenta na Sakkwato ke karɓar ƙararrakin Sakkwato da Kebbi da Zamfara, wa'adin wata uku ne ga hukuncin ƙarshe a shari'ar da ba ta laifi ba, kwana 14 ga hukuncin tsakiyar shari'a. A ƙananan kotuna wa'adin ya fi gajarta, galibi kwana 30. Lissafin yana farawa daga ranar da aka karanta hukunci, ko da kai ba ka ji ba. In wa'adi ya wuce ana iya roƙon ƙarin lokaci, bisa sharaɗi biyu da dole su haɗu: takardar rantsuwa mai ɗauke da ƙwaƙƙwaran dalilin jinkiri, da kuma dalilan ɗaukaka ƙara waɗanda ko da kallon farko za a ga sun cancanci a saurare su. Wanda ke da uzuri mai kyau amma ba kuskuren da zai nuna a cikin hukuncin, ba zai wuce ba. Wanda ke da kuskure ƙarara a hannu amma ya kasa bayanin inda ya shige shekara biyu, shi ma yana cikin haɗari, sai fa in kuskuren na hurumi ne, inda kotuna ke sassautawa.

A takardar rantsuwar nan ake cin shari'a ko a faɗi. "Lauyana ya yi sakaci" jimla ce da alƙalan suka ji sau ba adadi, har wasunsu suka yi gargaɗi a hukunce-hukuncensu cewa ƙa'idar ba layar da za a riƙa ɗagawa ba ce duk sanda aka makara. Suna son ranaku. Yaushe ka biya, ina rasit? Sau nawa ka kira, me aka ce maka, akwai saƙon WhatsApp? Ka taɓa zuwa kotun da kanka? Ranar da ka gano, me ka yi washegari? Kuma tunda kana zargin mutum ne da sunansa, adalci shi ne a ba shi kwafin zargin ya amsa. In ya yarda ya rantse da kansa cewa laifinsa ne, ya yi maka babban taimako, kodayake ba kowane lauya ke da wannan zuciyar ba.

Ni a ganina wannan tsanani yana da fuska biyu. Manomi daga Illela ko Tangaza da bai iya karanta Turanci ba, wanda ya sayar da buhun gero ya biya lauya, neman ya riƙa bibiyar fayil kamar ma'aikacin banki akwai nauyi a ciki. Alƙalai kan yi la'akari da hakan wani lokaci. Amma ba sa yafe wa wanda ya yi shekara bai leƙa ba, kuma ina ganin suna da gaskiya, domin da yawan masu kuka da lauya su ne suka daina ɗaukar wayarsa lokacin da ya nemi cikon kuɗi.

Akwai kuma kurakuran da ƙa'idar ba ta rufe su sam. Na farko, dabarar da lauya ya zaɓa da saninsa. In ya ga bai kamata a kira wani shaida ba, ko ya ce ya dogara da raunin hujjar mai ƙara ba zai kawo tasa ba, ya yi ne da yawunka, kuma sakamakon naka ne. Abin da ake yafewa shi ne mantuwa da tuntuɓe a kan ƙa'idar aiki, kamar kuskuren lissafin kwanaki. Na biyu, kuskuren lauya da ya taɓa hurumin kotu. A shari'ar Okafor da Nweke a 2007, Kotun Ƙoli ta ce takardar da aka sa wa hannu da sunan kamfanin lauyoyi maimakon sunan lauyan da ke cikin rajista ba takarda ba ce. Aka yi ta kuka cewa talaka ne zai ɗanɗana, amma a 2012, a shari'ar First Bank da Maiwada, cikakken zaman kotun ya tabbatar da hukuncin. Shari'o'in da aka yi shekaru ana fafatawa sun rushe a kan sa hannu ɗaya. Na uku, wa'adin da Tsarin Mulki ya yanke da kansa, kamar na ƙarar zaɓe: kwana 21 na shigarwa, kwana 180 na yanke hukunci. Wannan ba alƙalin da ke da ikon ƙara masa ko yini ɗaya.

Wani abin da ya fi ba ni tausayi shi ne rasitan nan na cikin leda. Kotun Ɗaukaka Ƙara ba ta sake sauraron shaidu, abin da ke rubuce a fayil take dubawa. Kafin ta karɓi sabuwar hujja sai an nuna cewa ba yadda za a yi a same ta lokacin shari'ar farko duk da ƙoƙari. Rasitin da ke ofishin lauyanka tun ranar farko bai cika wannan sharaɗi ba. Saboda haka ga mutum irin Alhaji, jingine hukunci a kotun farko ya fi masa ɗaukaka ƙara nesa ba kusa ba, don a can ne kawai zai sami damar buɗe ledar.

A nan Sakkwato yawancin rigingimun gado da aure da gona a kotunan shari'ar Musulunci suke farawa, kuma akwai wani sakaci da ya keɓanta da su: kai ƙara kotun da ba tata ba. Sashe na 277 na Tsarin Mulki ya taƙaita hurumin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci ga abin da ya shafi aure, gado, wasiyya, kyauta, waƙafi, riƙon yara da makamantansu. Jayayya a kan mallakar gona ko fili zalla ba ta ciki, kamar yadda Kotun Ƙoli ta bayyana a shari'ar Magaji da Matari a 2000. Irin wannan ƙara Babbar Kotu ake kai ta. Lauyan da ya kai ta wancan gefen zai iya yin nasara, a yi murna, bayan shekaru kotun sama ta soke komai, a waiwaya a tarar wa'adin ɗaukaka ƙara a inda ya dace ya daɗe da wucewa.

Fiƙihun Malikiyya da alƙalanmu ke aiki da shi yana da nasa ƙofofin, kuma sun girmi na Turawa. Kafin alƙali ya yanke hukunci wajibi ne ya yi i'izari, wato ya tambayi wanda hukunci zai hau kansa ko yana da sauran hujja. Hukuncin da aka yi ba i'izari ana rushe shi, kuma kotunan sama sun sha rushewa a kan haka. Wanda aka yi wa hukunci ba ya nan, ana ajiye masa hujjarsa har ya dawo. A ɗaya gefen kuma akwai ta'ajizi: in an ba mutum wa'adi bayan wa'adi ya kasa kawo hujja, alƙali ya rubuta gazawarsa, to ba a sauraron hujjar da zai zo da ita daga baya, ban da 'yan wurare kamar saki da nasaba da waƙafi da jini. Wasiƙar Sayyidina Umar ga Abu Musal Ash'ari ta ce kada hukuncin da ka yi jiya ya hana ka komawa ga gaskiya in ta bayyana maka. Malamai kuma suka fayyace cewa hukuncin da ake warwarewa shi ne wanda ya saɓa nassi ko ijma'i ko ƙiyasi bayyananne. Wato su ma sun san shari'a dole ta ƙare a wani wuri.

Duk wannan fa ana yinsa ne alhali wanda ya ci shari'a yana karɓar haƙƙinsa. Shigar da ɗaukaka ƙara ba ya tsayar da zartarwa, sai an nemi umarnin dakatarwa daban, kuma sai an nuna dalili na musamman. A batun asusun banki akwai ɗan sarari: umarnin farko riƙe kuɗin kawai yake yi, kuma doka ta ce a kai wa banki da wanda ake bi kwafinsa aƙalla kwana 14 kafin zaman da za a tabbatar da shi. In aka tabbatar, kuɗi sun tafi. In gida ne aka yi gwanjonsa ga wanda ya saya da zuciya ɗaya, dawo da shi sai an sha wuya.

Idan kuwa shari'a ta kai Kotun Ƙoli, bakin alƙalami ya bushe. Sashe na 235 na Tsarin Mulki ya ce ba wata hukuma da ake kai ƙararta. Maƙwabtanmu na Zamfara sun gani: a ranar 24 ga Mayu 2019 kotun ta soke ƙuri'un APC gaba ɗaya, aka koma roƙon ta sake dubawa, ta ƙi a watan Maris 2020. A watan ne kuma ta ƙi roƙon Emeka Ihedioha na Imo, Mai shari'a Centus Nweze kaɗai ya saɓa. A ta Bayelsa, Mai shari'a Amina Augie ce ta karanta hukuncin da ya ci manyan lauyoyi biyu, Afe Babalola da Wole Olanipekun, tarar naira miliyan 30 kowannensu saboda kawo roƙon. In masu wannan ƙarfi sun dawo hannu rabbana, mai cewa lauyansa ya manta ya san matsayinsa.

Saura shi lauyan. Sashe na 9 na Dokar Lauyoyi ya ce lauya ba shi da kariya daga biyan diyyar asarar da sakacinsa ya jawo, kuma duk yarjejeniyar da ta ce ba za a bi shi ba ɓatacciya ce, sai in aikin kyauta ya yi. Amma sashen ya bar masa tsohuwar kariyar da aka gada daga Ingila a kan abin da ya yi a gaban alƙali lokacin gudanar da shari'a, kariyar da ita Ingilar ta yi watsi da ita tun 2000. Rashin shigar da takarda da barin wa'adi ya wuce sun fi kusa da aikin ofis, don haka an fi samun kafar bin su. Sai dai dole ka nuna cewa ba don sakacin ba da kana da kyakkyawar damar cin shari'ar, wato ka yi shari'a biyu a cikin ɗaya, ka kuma sami lauyan da zai yarda ya tsaya a kan ɗan'uwansa a gari irin namu da kowa ya san kowa. Akwai kuma kwamitin ladabtar da lauyoyi, wanda ke iya jan kunne, ko dakatarwa, ko cire suna daga rajista, har ya sa a mayar da kuɗi da takardu. Wannan yana hukunta lauya ne, ba ya taɓa hukuncin da ke kanka.

Mu koma kan Alhaji. In fayil ya nuna hukuncin rashin zuwa ne, sabon lauyansa zai shigar da roƙo uku tare: ƙarin lokaci, jingine hukunci, da dakatar da zartarwa, ya liƙa takardar kariyar da ya kamata a shigar tun bara tare da kwafin rasitan. Abin da ke gefensa shi ne rasitan da kuma saƙonnin "an ɗage" in bai goge su ba. Abin da ke kansa shi ne wata goma sha ɗaya bai taka harabar kotu ba alhali yana cikin gari. In alƙali ya tausaya, da wuya ya yi hakan kyauta: zai sa shi biyan kuɗin ɓata lokacin abokin shari'arsa, kuma yana iya cewa ya ajiye abin da bai musa ba na bashin a hannun rajistara kafin a sake buɗe fayil.